Ƙofar da Baba Tanko Ya Tsallake

Aikin farko yau: wanke sosunan injin goga, a shanya su kafin rana ta yi zafi.

Hannuna na cikin bokiti waya ta yi ƙara.

Baba Tanko ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labarin ya same ni, kuma har yanzu da nake wannan rubutu zuciyata ba ta gama karɓa ba. Jiya Lahadi da yamma ya yanke jiki ya faɗi a gonarsa ta doya a Orozo, aka kai shi asibiti, kafin gari ya waye Allah Ya karɓi abinSa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Tanko mai goge fentin mota ne a nan Lugbe, bakin titin filin jirgi. Motar da rana ta cinye wa fenti, ko tokumbo, wato ta hannu daga ƙasar waje, da ta iso jikinta duk ƙarce-ƙarce, shi ake kai wa. Ya bi ta da sanfefa mai laushi da ruwa, ya shafa man goga, ya ɗora inji, ta fito kana ganin fuskarka a jikin ƙofa. A hannunsa na koyi wannan sana'a. Rumfata tana kallon tasa.

Ta'aziyya kawai na zauna rubutawa. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun safe, kuma idan na yi shiru har gobe ina tsoron shirun ya cutar da wata baiwar Allah. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Wanda ya kira ni ba ɗansa ba ne, ba maƙwabcinsa ba ne. Wani dila ne mai filin sayar da motoci kusa da mu. Ba zan faɗi sunansa ba, don abin da ke hannuna zato ne, ba hujja ba. Zan ce masa Oga, yadda muke ce masa kullum.

Ya ce, "Nasiru, ka ji Baba ya tafi? Allah Ya jiƙansa."

Na ce amin.

Ya ce, "To don Allah ka leƙo ka ƙarasa mini baƙar motar nan. Ƙofa ɗaya ce ta rage. Gobe mai ita za ta zo ɗauka."

Tsakanin addu'ar da maganar ƙofar ko numfashi bai ja ba.

Wataƙila haka 'yan kasuwa suke. Wataƙila ni ne mai saurin sa abu a rai, matata ma tana yawan faɗa mini haka.

Bari in fara da mutumin kafin in zo kan motar.

Bai taɓa kirana Nasiru ba. Akawu yake ce mini, saboda ya ga kullum da safe ina rubuta ayyukan yini kafin in taɓa inji. "Akawu, ka gama rubuta aikin? To zo mu yi shi."

Ranar da na fara riƙe injin goga, na danne shi da dukkan ƙarfina kamar mai niƙa a dutse. Sai ya zo ta bayana ya ɗora hannunsa a kan nawa, ya ɗaga kaɗan. Ya ce, "Inji ya san aikinsa. Kai dai ka raka shi." Har yau idan na ji kafaɗata ta fara ƙagewa, nakan ji nauyin wannan hannun.

Shi ya sayo mini takunkumin rufe hanci na farko, ya ce ƙurar fenti ba garin tuwo ba ce. Shi kansa bai cika sawa ba. Idan na yi magana sai ya ce nasa huhun ya riga ya sha folish, yana sheƙi daga ciki.

Duk lokacin haƙar doya sai ya zo mini da ita a buhu. Yakan ce ta Orozo ce, kada in ba maƙwabta, ba su san darajarta ba. Ina bayarwa, kuma ya san ina bayarwa.

Da aka yi wa matata aiki a haihuwar autarmu, na bar rumfa a buɗe da motocin mutane na tafi asibiti. Na dawo na tarar ya gama su duka, ya wanke mini sosuna, ya naɗe wayar wuta. Na je yi masa godiya, ya ce in sayo masa shayi mai madara da yawa. A nan maganar ta ƙare.

Hausarsa irin ta 'yan asalin yankin nan ce. "Motan nan ya gaji," haka yake cewa. Tun muna yi masa dariya har muka koma faɗa irin tasa.

Yanzu sai abu biyu game da yadda yake aiki. Idan ban bayyana su ba, ba za ku gane abin da ke damuna ba.

Na farko, yana da hanya ɗaya da yake bi a jikin kowace mota. Ya fara da rufi, ya sauko bonet, ya bi gefen direba daga gaba zuwa baya, ya zagaya ta but, ya dawo ta ɗaya gefen. Ba ya tsallake wuri, sai idan hannunsa ya ji abin da bai yarda da shi ba a ƙarƙashin fentin. Ba ƙaramin gyara nake nufi ba. Kusan kowace tsohuwar mota tana da ɗan wurin da ya loɓa aka cike da fila, ƙullin da ake toshe loɓa da shi, wannan yana gogewa ya faɗa wa mai ita. Abin da ba ya taɓawa shi ne inda mota ta yi mummunan haɗari, aka yanke ƙarfen da ke riƙe da jikinta, aka haɗa wani da walda, aka lulluɓe da fila da fenti don kada a gane. Irin wannan mota tana tafiya lafiya lau, sai ranar da wani abu ya sake bugun ta a wurin.

Idan ya ci karo da irin wannan, sai ya bar wurin a dusashe, sauran motar tana ƙyalli. Ba ya faɗa da kowa, ba ya tara jama'a. Na taɓa tambayarsa me ya sa. Ya ce, "Wanda zai saya, idonsa zai tsaya a wurin, ya tambaya. Ni iyakar nawa ke nan."

Dilolin yankin nan sun san haka, masu saye ma da yawa sun sani. Shi ya sa idan aka ce maka "Baba Tanko ne ya goge ta," ba maganar sheƙi kawai ake yi maka ba. Ana ce maka ne hannunsa ya bi ta ko'ina bai tsaya ba.

Na biyu, idan yamma ta yi bai gama mota ba, ba ya tafiya da injinsa. Yakan sa shi a but ɗin motar, ya kulle, ya miƙa wa mai ita makulli. Ko da zai tafi Orozo hutun ƙarshen mako haka yake yi. "Inji yana ciki, ni ma ina ciki." Ranar da ka ga ya naɗe waya ya rataya injin a kafaɗa alhali mota ba ta ƙare ba, to ya fita daga aikin ke nan.

Ganina na ƙarshe da shi ranar Laraba ne, a filin Oga. Na je aron tef ɗin da muke rufe gefen roba da shi. Yana tsaye a kan benci yana goge rufin baƙar motar nan, rigarsa duk feshin man goga.

Muna tsaye wata mata ta shigo, doguwa mai tabarau. Maman Biyu na ji suna ce mata. Aikinta ɗaukar yaran mutane daga gidajen Lugbe zuwa makaranta, ta dawo da su da rana. Tsohuwar motarta ta gaji, wannan za ta maye gurbinta.

Ta ɗaga kai ta ce, "Baba, sannu da aiki. Ni tunda Oga ya ce kai ke goge ta, hankalina ya kwanta. Ko makanike ban kira ba."

Ya kashe injin, ya dube ta daga saman bencin. "Madam, rufi kawai na taɓa. Bari na gama tukuna. Mota da na gama shi ne nawa."

Ta yi dariya, Oga ma ya yi. Oga ya ce, "Ka ji tsohon nan da iyayi. Madam, motar nan ko ƙuda bai taɓa bugun ta ba."

Baba ya miƙo mini tef ɗin, ya ce, "Akawu, ka rubuta ka ara, don na san ba za ka dawo da shi ba." Ya kunna inji.

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Alhamis da Juma'a ina Idu ina goge motocin wani kamfani, ban san abin da ya faru a filin ba.

To yau da safe, bayan wayar Oga, na tsame hannu daga bokiti na tsallaka zuwa filinsa.

Motar tana tsakiyar fili, rana na dukan ta. Aikin Baba ne, ko daga nesa na gane. Rufi, bonet, ƙofar direba, duk kamar ruwa. Bayanta ma haka. Ɗaya gefen, wanda shi ne ƙarshe a hanyarsa, an gama shi tas har madubi.

Ƙofar baya ta gefen direba ce kaɗai a dusashe. Ita da ginshiƙin da ke tsakaninta da ƙofar gaba.

Na daɗe ina kallo.

Mutumin da ciwo ya kama yana tsakar aiki, inda ya kai yake tsayawa, abin da ke gaba ne ke ragewa. Wannan kuwa an wuce ta ne, aka je aka gama duk sauran.

Na ce, "Oga, me ya sa ya bar wannan?"

Ya ce, "Jikinsa ne ya motsa ranar Alhamis. Ya ce zai je gida ya huta, Litinin ya dawo ya ƙarasa. Ka ga Allah bai nufa ba."

"Amma a tsakiya take."

"Wataƙila rana ce ke dukan gefen nan lokacin, ya bari sai ta sauka. Kai ba ka taɓa yin haka ba?"

Na taɓa. Ba a ɗora inji a kan ƙarfe mai zafi, fenti na iya ƙonewa. Maganarsa tana da kai. Sai dai ranar da ta daki ƙofar baya ai ta daki ta gaba, tunda gefensu ɗaya.

Na ce, "Injinsa fa?"

"Yana but mana. Ina zai je?"

"To a buɗe in yi da nasa, sosonsa ya fi nawa laushi."

"Makullin na wurin maigadi, na aike shi. Ɗauko naka kawai, aikin ba shi da yawa."

Na ce masa sai na dawo daga jana'iza. Ya dubi agogo, ya ce in gaishe da iyalin, shi ba zai samu zuwa ba saboda kwastomomi. Ban riƙe shi da wannan ba, Orozo ba nan kusa ba ne.

Bayan Azahar aka yi masa sallah. Jama'a sun taru fiye da zatona. Danginsa Musulmi da Kirista, manoma da ƙasa a ƙafafunsu, Fulanin da ke kiwo a bayan gonarsa, da mu 'yan rumfunan Lugbe da muka cika mota ɗaya. Waɗanda ba sa sallah suka tsaya gefe a ƙarƙashin mangwaro har muka idar, sannan muka ɗunguma tare zuwa maƙabarta. Na sa hannu a ƙasar kabarinsa. A nan ne hawayen suka zo, duk hanya ban yi ba.

Da muka dawo na shiga cikin gida in gaida matarsa, Mama Asabe. Sai an bi ta gaban ɗakinsa, kuma labulen a ɗage yake.

Injin yana rataye a ƙusa, jikin bango.

Na san shi kamar yadda na san nawa. Mariƙinsa naɗe da shuɗin tef, wayar a murɗe irin murɗinsa.

Na durƙusa na yi wa Mama ta'aziyya. Ta ce, "Akawu, ka zo. Abokinka ya tafi bai yi sallama ba." Na san ba lokacin tambaya ba ne, amma bakina ya riga ni.

"Mama, yaushe injin nan ya zo gida?"

"Alhamis ya shigo da shi. Na ce, yau kuma? Ya ce inji ma yana so ya ga gona."

"Jikinsa fa, ranar?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Juma'a yana gona, Asabar yana gona." Ta goge ido da bakin zane. "Ya dai ce kafaɗa yana damunsa. Amma kafaɗa kullum yana damunsa."

"Bai ce komai a kan wata baƙar mota ba?"

Ta ɗago ta dube ni. "Mutumin nan bai taɓa kawo mini maganar mota cikin gida ba. Ka bar ni da wanda na rasa."

Kunya ta kama ni. Na ba ta haƙuri na fito.

A hanyar dawowa, cikin cunkoson Nyanya, na yi ta juya abin. Na ce wataƙila ya sayi inji na biyu ban sani ba, ya taɓa cewa zai saya, wataƙila sabon ne a but. Na ce wataƙila ya kawo wannan gida ne don ya gyara shi. Na ce wataƙila kafaɗar ce ta tsananta ranar, tunda ƙasan ƙofar baya sai an sunkuya sosai. Kowane ɗaya daga ciki zai iya zama gaskiya. Na kuma tuna cewa yawancin aikin da ke shigowa rumfata daga filin Oga yake fitowa, ina da iyali, kuma mamacin ba zai tashi ya ce na yi daidai ko na yi kuskure ba.

Amma duk lissafin da na yi sai ya dawo wuri ɗaya. Wannan ƙofar ita yara za su riƙa buɗewa suna shiga kowace safiya.

Bayan La'asar na isa filin, ban ɗauko inji ba.

Oga ya ce, "Ya jama'a? An yi lafiya? Ina kayan aikin?"

Na ce, "Oga, na ga injin Baba a Orozo."

Ya ɗaga kafaɗa. "To ya ɗauka ban sani ba. Ni nake gadin but?"

"Da safe ka ce yana ciki."

"Na ɗauka yana ciki. Akawu, yaushe ka zama ɗan sanda?"

Na ce, "Ba rigima na zo yi ba. Ka bar ni in ɗaga robar ƙofar nan in duba ginshiƙin. Ko a kira mai gyaran bodi ya duba. Idan ƙalau yake, yanzu zan goge ta, ba sai ka ba ni komai ba."

"Ka ɓalle mini roba ana gobe za a ɗauki mota? Ni a haka na sayo ta daga Legas. Ban yanka ba, ban haɗa ba, ko injin walda ba ni da shi."

Wannan ma zai iya zama gaskiya. Dila da yawa ana cutarsu kafin su cuci wani.

Na ce, "To ka faɗa wa Madam cewa Baba bai gama ba. Ka nuna mata ƙofar yadda ya bar ta."

Ya yi dariya, amma ba irin ta ranar Laraba ba. "Rufi wa ya yi? Bonet wa ya yi? Ƙofofi uku wa ya yi? Idan na ce mata Baba Tanko ne ya goge ta, ƙarya na yi?"

Ni ba mai saurin baki ba ne, sai na koma gida amsoshi ke zuwa mini. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ni dai ba zan taɓa ta ba."

Ya ce, "Da ma na san za ka yi mini haka."

Sai a lokacin na lura da wani mutum a bayan motar yana warware wayar wuta. Mai goga ne daga Idu, na san fuskarsa, mun taɓa haɗuwa a wurin sayen sanfefa. Ashe tun ina hanya aka kira shi.

Na matsa kusa da shi na ce, "Malam, ka san wanda ya bar ƙofar nan? Ka san me ya sa yake barin wuri?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Yallaɓai, ni ƙofa aka nuna mini. Allah Ya jiƙan mamaci."

Ya buɗe ƙofar don ya manna tef a gefenta. Ban yi shawara da kowa ba, na zura yatsa a ƙarƙashin robar, jikin ginshiƙin, can ƙasa.

Na ji wani abu mai kaushi, a miƙe, kamar tabon walda.

Ko kuma busasshen datti ne. Ko gam ɗin da ake manna roba da shi. Ban gani da ido ba, yatsa ne kawai, kuma kafin in sake shafawa Oga ya janye ni ta kafaɗa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Fita mini daga fili. Motocin da na ce zan turo maka satin nan kuma, ka manta da su."

Na tsallaka na zauna a rumfata. Daga nan ina jin kukan injin. Mutumin ya iya aiki, ba zan zalunce shi ba, bai danne ba, bai yi gaggawa ba. Kafin a kira Magariba ya naɗe wayarsa ya tafi.

Yanzu ƙofar tana ƙyalli kamar sauran. Duk wanda ya zagaya motar nan ba inda idonsa zai tsaya.

Shi ya sa nake rubuta wannan a nan, inda mutane za su gani.

Ban ce motar yankakkiya ce ba, ban sani ba. Ban ce Oga ya san wani abu ya ɓoye ba, wannan ma ban sani ba. Abin da na gani da idona shi zan tsaya a kai: Baba Tanko ya tsallake ƙofar baya ta gefen direba, ya ɗauke injinsa ya tafi gida da ƙafarsa. Bai gama motar nan ba. Kada a sayar da ita da sunansa, tunda ba ya nan balle ya ce a'a.

Ba ni da lambar Maman Biyu. Na tambayi mai shayi da masu wankin mota, kowa ya san fuskarta, ba wanda ke da lambarta. A cikinku akwai mazauna Lugbe da yawa, wataƙila ma akwai wanda ita ke kai yaransa makaranta. Don Allah a isar mata. Ba cewa nake kada ta saya ba. Cewa nake ta zo da mai gyaran bodi nata na kanta, ba wanda za a nuna mata a filin ba, ya ɗaga robar ƙofar baya ta gefen direba ya duba ginshiƙin daga sama har ƙasa. Aikin da bai kai a sha shayi a tashi ba.

Idan aka duba aka ga ƙalau yake, zan je filin a gaban kowa in ba Oga haƙuri, in dawo nan in rubuta cewa zatona ne ya yi mini yawa. Wallahi na fi son haka.

Wasu za su ce ranar rasuwar mutum ba ranar irin wannan magana ba ce. Ni ma na ce wa kaina haka, na goge rubutun nan na sake farawa. Amma gobe za a ɗauki motar, ba bayan sadakar bakwai ba.

Allah Ka jiƙan Baba Tanko. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi, Ka sa guminsa na rumfa da na gona ya zame masa nauyi a mizani. Ka ba Mama Asabe da 'ya'yansa haƙurin da ba mu da ikon ba su. Ka tsare yaran da ke shiga motocin da muke gogewa. Idan na zargi wani a kan abin da bai yi ba, Ka yafe mini, Ka sa shi ma ya yafe.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai taɓa ganinsa ba, ina roƙon ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce zuwa rubutu na gaba. Wanda ya san shi kuma, ya sa shi a sujadarsa.

Abin da ya rage na gobe:

Ɗaure tamfol ɗin rumfar Baba, iska ta fara ɗaga gefe ɗaya.

Kiran mai farar motar da ke rumfarsa, a ji ko zai jira ko zai ɗauka.

Sayen sukari da gero na kai wa Orozo ranar sadakar uku.

Faɗa wa matata abin da ya faru tsakanina da Oga. Ban faɗa mata ba tukuna.

Tsayawa a bakin ƙofar filin tun kafin a buɗe, ta waje, har Maman Biyu ta iso.